Wa Ya Tsaya Maka?

Rana ta yi ja a kan kogin Nilu kafin Ikhlas ta samu ta haye gadar Shambat. Awa ɗaya da rabi ta shafe a cikin bas, a matsa kaɗan a tsaya, domin a kwanakin nan na shekarar 2012 sojoji sun kafa shinge a bakin gadar, kowace mota sai an leƙa ta, kowace jaka sai an buɗe. Ta sauka a gefen Kasuwar Umdurman ta yanka ta layin masu kayan yaji, inda barkono da hayaƙin turaren wuta ke haɗuwa su shaƙe mutum. 'Yan kasuwa sun fara jan ƙofofin ƙarfe. Ita kuwa sauri take yi, jakar aiki na bugun ƙugunta, mayafinta na zamewa tana gyarawa.

Aikin da ya kawo ta ƙarami ne, irin wanda a ofishinsu na Bahri, can tsallaken kogi, take gamawa kafin shayinta ya huce. Kwamfutar wani ƙaramin asibiti ce da ke bayan kasuwa ta ƙi aika hotunan marasa lafiya zuwa ga likitan zuciya da ke duba musu su a Alƙahira. Abin da ya mayar da aikin babba shi ne hotunan da suka maƙale yau na Iya ne, kakarta da ta rene ta tun tana goye. Kwana uku ke nan Iya na kwance a asibitin, ƙafafu sun kumbura, numfashi na fita da ƙyar. Likitan gida ya ce ba zai canja mata magani ba sai na Alƙahira ya ga hotunan. Shi kuma na Alƙahira da an yi isha'i yake rufe aiki, ga shi gobe Juma'a.

Asibitin tsohon gida ne da aka shafe da farin fenti, da darbejiya ɗaya a tsakar gida, da doguwar baranda mai ɗakuna biyar a jere. Na farko, kusa da ƙofar shiga, shi ne ɗakin kwamfuta. Na biyar, can ƙurya, nan Iya take, kuma ranar ita kaɗai ce mara lafiyar da aka kwantar. Can Ikhlas ta fara nufa.

"Kin iso, uwar danne-danne?" in ji Iya, tana jingine da matashi biyu.

"Na iso, Iya. Yaya jikin?"

"Jiki ya ce a gaishe ki. Ya ce ya gaji da ni." Ta yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta koma tari.

Ikhlas ta riƙe mata hannu har tarin ya lafa. Hannun ya yi sanyi, kuma wannan sanyin ya tayar mata da hankali fiye da tarin.

"Yanzu zan tura hotunan, in sha Allahu. Minti biyar."

"To, je ki. Amma magariba ta kawo jiki. Duk ƙofar da za ki buɗe, ki yi bisimilla."

A ɗakin kwamfuta ta tarar da Ni'mat, nas ɗin da ke aikin yamma, ta zuba wa allon ido kamar mai jiran ya ji kunya ya gyaru da kansa.

"Ya Ikhlas, alhamdu lillahi. Tun azahar nake fama da kwamfutar nan, sai taurin kai take mini," in ji ta da Larabci. "Ɗan ƙanwata ne ya wanke ta shekaranjiya, ya ce ta yi nauyi. Tun daga nan kullum jan rubutu."

Ikhlas ta karanta jan rubutun ta yi tsaki. Ta san ciwon tun kafin ta zauna. Kwamfuta ba ta hira da baƙo haka kawai. In za ta aika saƙo ta amintaccen layi, sai ta can wajen ta nuna mata takardar shaida. Takardar nan wani ne ya sa mata hannu, shi ma wani ya sa wa tasa, haka har a kai ga wasu 'yan manya da aka riga aka sani. Takardun manyan nan a folda guda ake tara su, kuma akwai wani fayil na saiti da ake rubuta wa manhajar layi ɗaya tal, a ce mata ga inda foldar take. Ɗan ƙanwar Ni'mat ya share foldar da abin da ke cikinta, ya tafi yana ganin ya yi aikin lada.

"Da sauƙi," in ji Ikhlas. "Takardun suna cikin filashata."

Ta sa hannu a aljihun jaka. Ta sake sawa. Ta zazzage jakar a kan tebur: sukundireba, wayoyi, cingam, katin waya. A nan ta tuna filashar tana can jikin kwamfutar ofis a Bahri, inda ta bar ta lokacin da Ni'mat ta bugo mata ta fito a guje.

Ta gwada sauko da sababbin takardu daga intanet. Shafin ya duba ya ga daga Sudan take, ya rufe mata ƙofa, kamar yadda shafuka da yawa ke yi a shekarun nan na takunkumi. Ta gwada wani, layin ya yi ta jan ciki har ya yanke. Ta bugo wa abokin aikinta Tariq, ya ce zai ɗauko filashar a babur, amma ta san gadar, ya san gadar, ko ya tashi yanzu sai bayan isha'i.

Ladan ya kira sallar magariba daga masallacin kasuwa. Ni'mat ta ja ɗankwalinta.

"Bari in yi salla, in leƙa wajen mai janareto. Wutar nan ba ta da alkawari yau."

Ta fita ta bar Ikhlas da ƙarar fanka.

Yanzu kafin in gaya muku abin da ta yi, ya kamata ku san wace ce Ikhlas a kan aikinta. Ba ta da sauƙi ko kaɗan. In ta kama mutum ya danna "na yarda" a kan takardar da ba a san wanda ya sa mata hannu ba, sai ta tsaya a kansa ta yi masa wa'azi har ya yi da-na-sanin kiranta. A ofis har tsokanarta ake yi, ana ce mata madugu. Sunan kuma daga wajen Iya ya fito, don ita da bakinta ta ba su labarin.

Wata rana ce ta zauna tana yi wa Iya bayanin aikinta, tsohuwar ta saurara har ƙarshe sannan ta tuntsire da dariya. Ta ce, "Au, wannan ne kika yi shekara huɗu a jami'a kina koyo? Ai aikin madugu ne." Daga nan ta ba ta labarin da ta ji wajen mahaifiyarta, wadda aka taho da ita daga ƙasar Hausa a ƙafa tana 'yar shekara tara, cikin ayarin maniyyata. A ayarin nan baƙo ba ya shiga haka nan. Madugu zai tare shi ya ce, "Wa ya tsaya maka?" Sai wani na cikin ayari ya ce shi ne, kuma shi ma sai in akwai wanda ya tsaya masa tun farko. In babu, komai tsufanka, komai kukanka, a baya za ka tsaya.

To, bayan sun wuce Fashir, wani tsoho ya ɓullo musu da magariba, da sanda da gorar ruwa. Bai yi sallama ba. Aka tambaye shi, babu wanda ya san shi. Ya riƙa bin su a baya, ba ya matsowa, ba ya ja da baya, kwana da kwanaki. Wata mata mai taushin zuciya ta kasa jurewa ta ce ita ta tsaya masa. Da gari ya waye, tana nan lafiya lau, tabarmar 'yarta ce babu kowa a kai. Iya ta ce ba ya taɓa wanda ya tsaya masa, wanda mutum ya fi ƙauna yake ɗauka. Da magariba ta sake yi, aka ji muryar yarinyar daga bayan ayari tana cewa, "Inna, ni ce." Sai da maza uku suka danne matar. Ikhlas ta tambaya ko daga baya ya bar su. Iya ta ce, "Ayari ya tsaya a Umdurman. Shi ban ji an ce ya tsaya ba."

Ikhlas ta so labarin, amma a wajenta labari ne.

Tana cikin laluben kwamfutar, ko Allah zai sa ɗan ƙanwar Ni'mat ya manta da wani kwafi a wani lungu, sai ta ga wata folda da ba ta gani ba da farko. Sunanta da Hausa aka rubuta: amintattu.

Ta tsaya tana kallonta. Duk asibitin nan babu mai jin Hausa sai Iya. Kuma ko su da ke ji, wa ke rubuta ta? A gidansu Hausa ta baki ce, rubutu na Larabci ne.

Ta buɗe. Ba ta yi bisimilla ba.

Takarda ɗaya ce a ciki. Gurbin sunan mai ita babu komai. Gurbin wanda ya sa mata hannu ya nuna shi ya sa wa kansa. Ranar da ta fara aiki a shekarar 1921 take, lokacin da babu kwamfuta a duniya, kuma ba ta da ranar ƙarewa.

Ko ɗan koyo ya san wannan ba takardar yarda ba ce. Ikhlas ta sani fiye da kowa. Ta kai hannu za ta rufe, sai tarin Iya ya taso daga ƙuryar baranda, mai tsawo, mai ƙarewa da wani sauti kamar ana zuƙar ruwa da tsinke. Ta dubi agogo. Ta ce a ranta kuskuren kwanan wata ne, irin na tsofaffin na'urori. Ta ce gwaji kawai za ta yi, in bai yi ba ta goge. Haka mutum ke lallashin kansa in so ya rufe masa ido, kuma ni ban ga laifinta ba, sai dai abin da ya faru ya faru.

Ta buɗe fayil ɗin saiti. Ta rubuta layin, ta nuna wa manhajar inda foldar take. Kwamfutar ta nemi kalmar sirri, ta sa, ta adana.

Jan rubutu ya ɓace. Ɗan hoton kwaɗo da ke kusurwar allo ya koma kore.

Ta sauke ajiyar zuciya, ta kai hannu ga hotunan Iya. Ba ta kai ga turawa ba amsa ta shigo, a gurbin da likita ke rubuta bayaninsa. Babu sallama a kanta.

"Madalla da jikar ayari. Kin tsaya mini."

Fanka ta tsaya. Fitilun baranda suka mutu gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne hasken allo, da ƙaramin batirin da ke ƙarƙashin tebur, wanda ya fara kukansa, ƙit, ƙit, yana gargaɗin cewa mintinsa kaɗan ne.

Sai warin ya shigo. Warin asibiti na maganin wanke ƙasa ya gushe, wani ya maye gurbinsa: gumin raƙumi, tsohuwar fata, da toka mai sanyi ta murhun da aka bari a daji.

Ƙofar shiga ta yi ƙara a hankali.

"Ni'mat?" Muryarta ta fito siririya.

Sanda ta bugi siminti. Takalmin fata ya ja ƙasa, sannan ɗayan. Ruwa ya motsa a cikin gora, ƙulum.

Ta kasa juyawa, amma allon ya nuna mata inuwar ƙofar da ke bayanta. Wani abu dogo, ranƙwafaffe, ya cika ƙofar. Ya ɗan tsaya. Sannan ya wuce.

Ba wajenta ya zo ba.

Sanda. Takalmi. Takalmi. Ya nufi ƙurya.

Ikhlas ta durƙusa ta fizge wayar intanet daga bayan kwamfutar. Ta ɗago. Kwaɗon yana nan kore. Wani layi ya ƙaru a ƙarƙashin na farko.

"Ba da waya na shigo ba. Da yardarki na shigo."

Ƙofa ta biyu ta yi ƙara, ta rufe. Leƙawa yake yi ɗaki-ɗaki.

"Ikhlas!" Muryar Iya ce, a shaƙe, amma babu wasa a cikinta. "Wa kika tsaya wa?"

"Iya, ban sani ba, wallahi ban..."

"Kada ki taho nan. Koma inda kika buɗe. Wanda ya tsaya shi ke janyewa."

Ƙafafunta sun riga sun kai ta bakin ƙofa. Duk jikinta cewa yake ta ruga ta faɗa kan Iya ta rufe ta. Komawa kan kujerar nan shi ne abu mafi wuya da ta taɓa yi a rayuwarta.

Ta koma. Ta buɗe fayil ɗin. Layin na nan, harafi talatin da 'yan kai. Ta danne maɓallin gogewa, haruffan suka riƙa tafiya ɗaya-ɗaya, a hankali, kamar ana jan su daga cikin laka.

Ƙofa ta uku.

Batirin ya ƙara sauri. Ƙit-ƙit, ƙit-ƙit. In ya mutu kafin ta adana, layin zai zauna yadda yake.

Harafi na ƙarshe ya tafi. Ta danna adanawa. Kwamfutar ta nemi kalmar sirri.

Ita ta sa kalmar tun bara, lokacin da ta fara haɗa musu na'urar. Sunan yanka na Iya ne, wanda ba ta taɓa furtawa da baki ba, wanda ko maƙwabta ba su sani ba. Ta rubuta.

Ba daidai ba.

Ƙofa ta huɗu.

Ta sake. Gumi ya sa yatsanta ya zame. Ba daidai ba. Saura gwaji ɗaya, in ta kuskure kwamfutar za ta kulle kanta na minti goma. Ita ta tsara hakan ma, don ɓarayi.

Daga ƙurya ta ji Iya na karanta Ayatul Kursiyyu, kalma biyu numfashi, kalma biyu numfashi.

Sanda ta tsaya. Mariƙin ƙofa ta biyar ya juya.

Karatun Iya ya yanke.

Ikhlas ta rufe ido ta ce bisimillahi. Da yatsa ɗaya, kamar 'yar koyo, ta danna haruffan: Bilkisu.

Allon ya karɓa.

"Da baki!" Iya ta yi ƙaraji da ɗan abin da ya rage mata. "Faɗa da baki!"

Ikhlas ta miƙe, kujera ta kife. Ta buɗe murya da Hausar da ba ta taɓa ɗagawa haka ba a tsakiyar Umdurman.

"Na janye! Ban san ka ba, ban tsaya maka ba, babu wanda ya tsaya maka a gidan nan!"

Kwaɗon ya koma ja. Batirin ya ja dogon kuka ya mutu. Duhu ya rufe ɗakin.

Shiru.

Sai sanda. Takalmi. Takalmi. Wannan karon tahowa yake.

Ta manne da bango, ta toshe baki da mayafi. Warin ya cika ɗakin har tana jin ɗacinsa a harshe. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai tsallako ba. Ta ji numfashinsa, busasshe, kamar ana shafa tabarma.

"Na iya jira," in ji shi, ƙasa-ƙasa.

Ruwa ya motsa a gora. Ƙofar waje ta yi ƙara. Daga can nesa hayaniyar kasuwa ta dawo, da hon ɗin raksha, kekunan nan masu ƙafa uku, kamar an cire wa unguwar auduga daga kunne.

Ba ta san yadda ta kai ɗaki na biyar ba. Ta tarar da Iya a zaune, ta ƙanƙame carbi, idanu a buɗe, tana numfashi. Ikhlas ta faɗa jikinta ta fashe da kuka irin na yara, tana ba ta haƙuri, tana maimaitawa.

"Ya isa," in ji Iya, tana shafa mata kai. "Kin janye, ya isa. Sai dai ki saurare ni. Tunda ya ji muryarki, zai dawo. Kuma ba kullum da sanda yake zuwa ba." Ta huta, ta ja numfashi. "Ko ni ce na zo miki da magariba, ki tambaye ni wa ya tsaya mini."

Janareto ya tashi a bayan gida, fitilu suka kawo. Ni'mat ta shigo tana mitar mai janareto, sai ta yi turus. Tun daga ƙofar shiga har ɗakin Iya, jan yashi ne a kwance a kan simintin da ta goge da la'asar, da sawun takalmi, da ɗigon sanda a gefe. Sawun ya tsaya taku ɗaya daga gadon. A gefen zanin gado, dab da ƙafar Iya, akwai shatin yatsu huɗu na ƙasa.

"Ya sattar," in ji Ni'mat. Ta ɗauko tsintsiya ta share, ta kunna turare.

Tariq ya iso bayan isha'i da filashar. Ikhlas ta zuba takardun gaskiya a foldarsu, ta rubuta layin yadda ya kamata. Foldar nan mai sunan Hausa kuwa ta neme ta sama da ƙasa, babu ita babu alamarta. Ni'mat ta bugo wa likitan Alƙahira ta roƙe shi, ya ce ba komai, zai duba da safe kafin ya tafi masallaci. Ashe abin da ake bukata ke nan tun farko, bugun waya ɗaya da roƙo. Wannan ya daɗe yana cin Ikhlas a rai.

Aka canja wa Iya magani, kumburin ya sace, ta koma gida. Shekara uku ta ƙara a duniya tana tsokanar jikarta, sannan ta rasu wata ranar Talata da hantsi, a kan gadonta, kanta a cinyar Ikhlas, da kalmar shahada a bakinta.

Ikhlas ba ta bar aikinta ba, sai dai ta canja. Duk kwamfutar da za ta haɗa, sai ta buɗe foldar takardu ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, ɗari da wani abu, ko da mai kayan na tsaye yana duba agogo. Filasha biyu take yawo da su, ɗaya a jaka, ɗaya a wuya. In an kira magariba kuma takan rufe komai ta tashi. A ofis aka daina ce mata madugu, don sun lura ba ta dariya in an faɗa.

Kwana arba'in da rasuwar Iya, aiki ya riƙe ta a Bahri. Ba ta ankara ba sai jin ladan ta yi. Ta kai hannu za ta kashe kwamfutar, sai ta ga foldar a tsakiyar allo.

Da ma ta san zai dawo. Ta yi bisimilla ta buɗe, don ta ga da wace fuska ya zo. Takarda ɗaya ce, kuma wannan karon gurbin suna ba a banza yake ba. An rubuta Bilkisu. A daren nan na asibiti, lokacin da ta danna sunan, ƙofar tana buɗe, yana ciki yana ji.

Wani ɗan rubutu ya fito a ƙasa.

"Uwar danne-danne, ni ce. Ina jin sanyi a waje."

Ikhlas ta zauna. Kewar tsohuwar ta taso mata gaba ɗaya, har ta ji ƙirjinta zai tsage. Layi ɗaya ne kawai, ta san shi da ka, yatsunta ma sun riga sun hau kan maɓallan. Hawaye na zuba, ta duba gurbin wanda ya sa wa takardar hannu. Mai takardar ce ta sa wa kanta.

"Iya," in ji ta a hankali, "wa ya tsaya miki?"

Ta jira har ladan ya gama. Ba a ba ta amsa ba.

Ta kashe kwamfutar, ta goge fuska, ta tafi yin alwala.